Mashin Ubandoma Ya Kalli Ƙofar Gobirawa

Hillar Ubandoma, watan Shawwal, 1385

Zuwa ga yayana Alhasan, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan muna raye. Inna Sakinatu ƙafar ta yi sauƙi, auduga ta yi kyau a hawasha, gonarmu ta noman rani, amma rabinta na nan ba a cire ba, domin masu cirar suna kwance ko suna hannun bolis. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, da fushi nake rubuta maka.

Ginshiƙin tunawa da kakanmu Ubandoma, wanda ka yi ta matsa wa dattawa a gina, an gama shi a bakin kasuwa. Na yarda ya yi kyau. Maginin da aka ɗauko daga Wad Madani ya zana gora saboda ƙishirwar hanyar hijira, da allo saboda karatun gidanmu, da tambari saboda sarautar da aka baro a ƙasar Sakkwato. A samansa aka kwantar da mashin Kaka, tsininsa na kallon alƙibla, tunda Makka ya nufa Allah bai kai shi ba. Sai dai a cikin masu rawunan gidanmu ba wanda ya ɗaga kai ya ga cewa alƙiblar ta bi daidai ta ƙofar zauren Gobirawa, gidan mijina Mato. Ka san ba a nuna ƙofar mutum da tsinin mashi sai an yi nufin jininsa, kuma Gobirawa ba su manta da waɗanda mashin nan ya soka a yaƙin da ba.

Ranar buɗewa an yanka sa, ana kaɗa tambari, sai Mato ya je gaban dattawa cikin ladabi, ya roƙi a karkata tsinin ko da kamu ɗaya ne. Kafin su ba shi amsa ɗanka Sambo ya yi tsalle ya ce mashin ai ya san hanyarsa, ba yau ya fara kallon Gobirawa ba. Ɗana Audi ya kwaɗa masa sanda a ka, jini ya rufe masa ido. Daga nan kowa ya rarumi abin da ke kusa, adda da lauje da tubalin da ya rage na ginin. Ina tsaye na ga Sambo ya fizgi addar mahauta ya kai wa Audi sara, Mato ya tare da hannu. Addar ta tsinke shi daidai wuyan hannu, fata kaɗai ta riƙe shi. Tsoho Ɗanjuma mahauci ya shiga rabo aka tattake shi, a nan ya cika kusa da naman da yake rabawa. An cinna wa rumbuna wuta a unguwannin biyu, na gidanmu da na Gobirawa. Ni ce na ɗaure dungun mijina da ɗankwalina har lori ya kai mu asibiti, inda aka ƙarasa yanke hannun.

Yanzu bolis sun tafi da mutane da yawa, sun sako Sambo da Audi, kuma sun ce za su janye daga gari. Audi ba ya cin abincina, ba ya kallon idona, wuni yake yana wasa adda a bayan ɗaki. Sambo kuwa yana zama gindin ginshiƙin da abokansa, wai gadi. Umda mai gari ya ce a sauke mashin kowa ya huta, dattawa suka ce babu hannun da zai taɓa shi sai na babban jikan Ubandoma. Kai ke nan, mai shan iskar teku. Na roƙe su ko a lulluɓe tsinin da ƙyalle, suka ce ni matar Gobirawa ce, ban da baki.

Saboda haka ka hau jirgin ƙasa ka taho, kada ka aiko mini da addu'a a takarda. Ka sauke shi da hannunka, ka mayar da shi ɗakin Kaka. In ka yi jinkiri, ɗaya zai kashe ɗaya, kuma kada ka zaci ɗanka da ɗana ne kawai. Lokacin da uwar Sambo ta rasu a kan gwiwa, ni na shayar da shi tare da Audi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Duk wanda aka kawo mini a makara nawa ne, wanda za a rataye ma nawa ne.

Ka gaishe mini da Ramatu da su Huseina da Maliki. Inna Sakinatu tana gaishe ka tana kuka. Mato bai ce a gaishe ka ba, ni kuma ban matsa masa ba.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Hannatu