Ƙafar Hagun da Kuka Daina Koyarwa

Zuwa ga Alhaji, mai makarantar koyon tuƙin da na yi wa aiki a Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Litinin ta farko bayan ƙaramar Sallah, shekara uku ke nan, ka tara mu a ofishinka ka ce an daina koyar da mota mai giyar hannu, domin duniya ta koma ga otomatik, gobe kuma sai mai lantarki. Ni kaɗai na yi magana. Aka yi dariya, aka ce Malam Isa ya tsufa tare da motarsa. Bayan wata biyu aka sallame ni da godiya da agogon bango. Na haɗiye wannan. Abin da ya sa na fito fili yau ba nawa ba ne, kuma sau biyu ina rubuto maka a asirce ba amsa.

Na ɗaya. Kada a ɗauka ban fahimci motar lantarki ba. Na yi makarantar fasaha lokacin da ake karatu don a sani, kuma har yau ina karanta littafin mota da Turanci ba mai fassara mini. Na san ba ta buƙatar kuloci, na san wata rana giyar hannu za ta bi sahun fitilar aci-bal-bal. Amma wata rana ba yau ba ce. A unguwarmu a Bungudu sai mu kwana biyu ba mu ga wuta ba. Ka tsaya bakin tashar Tsafe ranar kasuwa ka duba motocin da ke shigo da dawa da gero daga 'Yankuzo, ka gaya mini wacce ce ba a taka mata kuloci. Ɗalibanka a nan za su nemi abinci, ba a ƙasar da ka gani a wayarka ba.

Na biyu. Akwai Malam Garba, magidanci mai 'ya'ya biyar, makiyayi ne daga wajen 'Yankuzo. Ɓarayin daji suka kwashe masa shanu. Ya sayar da 'yan tumakin da suka rage ya zo makarantarka, saboda wani mai a-kori-kura a Tsafe ya yi masa alkawarin tuƙin motar hatsi idan ya iya. Ya gaya wa magatakardarka irin motar da zai tuƙa. Aka ce masa mota duk mota ce. Ya yi wata uku a kan otomatik, kuka ba shi takarda mai hatimi da sa hannunka.

Na uku. Wataƙila ka manta yadda masu motocin hatsi ke gwada direba, don haka bari in tuna maka. Ba sa duban takarda. A loda wa mota buhuna, a tsayar da ita a kan hawa, a ajiye gwangwanin madara a bayan tayar baya, a ce ka tashi. In motar ta ja baya ta taka gwangwanin, ka sauka. Ranar nasa gwajin, Malam Garba ya zauna, ya duba ƙasa ya ga abin takawa uku, shi kuwa biyu ya sani. Motar ta mutu sau biyu, a na uku ta murƙushe gwangwanin a gaban 'yan kamasho da masu lodi. Dattijo da furfura a gemu, aka yi ta yi masa shewa. Mai motar mutumin kirki ne, ya ce zai jira shi zuwa girbin dawa.

Na huɗu. Wani ya kwatanta wa Malam Garba gidana. Ya zo da takardarku a cikin leda, ko lanƙwasa ta bai yi ba. Ba ni da mota. Na zaunar da shi a kan benci, na jera masa duwatsu uku a ƙasa, na ba shi muciya a madadin sandar giya. Ya haddace komai. Amma inda kuloci ke kamawa ba a haddace shi, ƙafa ce ke ji, dutse kuwa ba ya kamawa. Shi ya sa na roƙe ka aron tsohuwar a-kori-kurar da na koyar da ita, wadda ke ajiye a bayan makaranta kaji na ƙwai a cikinta. Sati uku kawai na nema, mai da batir a kaina. Da na gaji da jiran amsa na zo da ƙafata, mai gadi ya ce kana ganawa da baƙi a kan motocin lantarkin da za a kawo baɗi.

Buƙatuna ba su da yawa. Kada a sayar wa 'yan gwangwan waccan motar. A gyara ta, a sa wani ya koyar da ita, ko ba ni ba ne. A riƙa tambayar duk wanda ya zo irin motar da zai ci abinci da ita kafin a karɓe shi. In kuwa duk wannan ya yi nauyi, a rubuta a jikin takarda cewa mai ita otomatik kaɗai ya iya, don kada wani uban ya sake jin kunya a tasha da sa hannunka a aljihunsa.

Allah ya ƙara maka arziki, ya nuna maka motocin da kake jira, ya ba ka mashawartan da za su iya gaya maka abin da ba ka son ji.

Ga Malam Garba dai an makara. An fara girbin dawa, kuma ranar Juma'ar da ta wuce mai motar ya miƙa makullin ga wani.

Wassalam.

Malam Isa, tsohon malamin tuƙi,
Bungudu.