Ya Rantse Mini Jan Ƙarfe Ne, Ashe Dalma Na Ci Wata Biyar

Wata 'yar uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku ce in yi haƙuri, domin haƙuri kam an ba ni shi har ya ginshe ni.

Ni matar aure ce, shekarata ashirin da bakwai, muna zaune a Withington cikin Manchester, ina digiri na biyu a fannin adabi, maigidana kuma yana aikin bincike a jami'a. Yana da wa guda ɗaya a Handsworth ta Birmingham, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya masa har ya zo ƙasar nan, Yaya muke ce masa. Injiniya ne, kuma ba abin da yake so a duniya kamar farauta, ya ce gadon kakansu ne da yake maharbi. Yana da lasisin bindiga, akwai kuma wani mai gandun daji a Scotland da ya yarje masa ya riƙa zuwa harbin manyan barewar can, irin waɗanda ba sa bari a matso su, sai daga wannan dutse zuwa wancan.

Yaya ba ya sayen harsashi a shago, da hannunsa yake haɗawa a gareji. Ya wanke kwanso, ya auna albarushi a ɗan sikeli kamar mai auna zinariya, ya dasa kan harsashin, sannan ya rubuta komai a wani littafi mai baƙin bango. Ranar da na fara leƙa garejin na tarar da kawunan harsasan jere a tebur, jajur, hasken la'asar ya faɗa musu suna sheƙi kamar kayan lefe, na daɗe a tsaye ina kallo har matarsa, da muke kira Anti, ta ce ko in sayo tabarma ne in tare a nan. Shi ya yi mini bayani cewa waɗannan jan ƙarfe ne zalla, mai gandun ya hana harbi da dalma, domin dalma idan ta shiga jikin dabba tarwatsewa take yi cikin nama kamar gari, shi kuwa jan ƙarfe buɗewa yake kamar fure ya tsaya a dunƙule.

Da na samu ciki komai na ci sai ya dawo, ban da naman barewa. Ni 'yar Zamfara ce, na san dalma tun kafin in san sunanta a littafi, ƙanwar mahaifiyata ta binne yara biyu a ƙauyen da ake daka dutsen zinariya mai haɗe da dalma a tsakar gida. Na faɗa wa Yaya wannan, na tambaye shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya ce haba ƙanwata, wallahi tallahi rabonsa da dalma ya manta, ai ɗansa ne a cikin nan. Har ya ba ni kan harsashi guda da ya buɗe gida huɗu kamar fure, ya ce daga jikin barewar da nake ci ya ciro shi. Na ajiye shi a bakin tagar kicin, har 'yar waƙa na rubuta masa, Allah ya yafe mini wautata. Wata biyar Anti tana aiko mini da dambu da farfesu, da ɗanyen nama a leda, kowace leda da kwanan watan da aka harbo.

A wata na takwas ina cin dambu haƙorina ya ci karo da wani abu. Na fito da shi, ɗan mitsitsi ne, toka-toka, mai laushi. Na goga shi a takarda ya yi zane kamar fensir. Aka ɗebi jinina aka ga dalma ta haura yadda ya kamata, da na haihu aka ga haka a jinin 'yata ma. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, har ruwan famfonmu da fentin gidan da muke haya aka duba, ba a samu komai ba. Yanzu watanta bakwai, tana dariya tana birgima, likitanmu ya ce wataƙila ba abin da zai biyo baya, wataƙila kuma ba za a gane ba sai ta fara magana ko ta shiga makaranta. Wannan wataƙilar ita nake ɗauke da ita duk inda na sa ƙafa.

Yaya ya ce tabbas tsohon harbin wani ne ya daɗe a jikin dabbar, kuma na so in yarda. A gidansa na yi wankan jego, kwana arba'in Anti tana dafa ruwa tana gasa ni, tana dama mini kunun kanwa, uwata ma iyakar abin da za ta yi ke nan. Wata rana da hantsi ta aike ni in ɗauko kaza a firizar gareji, sai ga littafin nan a buɗe. Ba bincike na je yi ba, amma ni mai karatu ce, idona ba ya iya wuce rubutu. Da hannunsa ya rubuta cewa jan ƙarfen ya ƙi tsohuwar bindigarsa, ya fi na dalma tsawo, daga nesa watsewa yake, sai in ya canza bakin bindigar. A ƙasa ya rubuta, "Na koma tsohon haɗi." Tsohon haɗin dalma ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe, daga waje ba mai bambancewa. Na duba kwanan wata, ɗaya bayan ɗaya suka yi daidai da ledojin da na cinye. Har furen tagata na gani a ciki, ashe jarkokin ruwa ya jera ya harba don gwaji, bai taɓa shiga jikin barewa ba. Na ɗauki hoton shafukan, na ɗauko kazar na kai wa Anti, na ajiye maganar sai da na yi arba'in.

Da ni da maigidana muka zauna da Yaya, da fari dariya ya yi. Ya ce kakansu da dalma ya ciyar da gidansa har ya shekara casa'in da haƙoransa cif, boko ne ya yi mini yawa. Da na ce ba maganar kaka nake ba, rantsuwa nake tambaya, sai ya ce Turawan da yake fita da su sun san shi da rashin kuskure, ba zai je gabansu ya raunata dabba ta gudu da ciwo ba saboda kwaɗayin mace. Daga nan ya juya kan ƙanensa, ya ce ya ga tarbiyyar matarsa, an yi mata wanka a gida ta ɓuge da karanta littafin yayan miji. Kalmar yi haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba, har yau. Maigidana kuwa a mota ya yi kuka kamar yaro, amma da muka iso Manchester cewa ya yi in goge hotunan, Yaya ubansa ne, abin da ya faru ƙaddara ce.

'Yan uwa, ni ce wadda in na ga gizo-gizo a banɗaki nake kifa masa kofi in kai shi waje. Yau ga ni na rubuta email zuwa ga mai gandun, na haɗa hotunan, na sa ofishin 'yan sanda mai kula da lasisi a kwafi, saura in danna kawai. Za a kore shi daga gandun, kuma maharban nan duk sun san juna, ba mai sake buɗe masa ƙofa, lasisin ma ban san ko zai tsira ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce don Allah kaɗai nake so in yi ba. So nake in ga an kwashe bindigogin nan yana tsaye a bakin ƙofa. So nake garejin ya koma wurin ajiye tsintsiya. So nake ya ɗanɗani yadda ake tashi kullum da safe da abin da ba ya gyaruwa. Amma kuma gaskiya ne har yanzu yana raba naman nan bayan sallar Juma'a, gidajen da ke da yara da masu ciki, suna ta sa masa albarka.

Abin da ke riƙe hannuna Anti ce, na tabbata ba ta sani ba, ita ma ta ci, 'ya'yanta sun ci. Sai maigidana, da ya ce in na tura bai san da wane ido zai sake kallona ba. Na kuma san abin da mutanenmu za su ce, wai ta kai Musulmi baƙar fata mai bindiga gaban 'yan sandan Turawa.

Makon jiya Yaya ya aiko da kula cike da nama, da 'yar takarda a kai, "Ƙanwata, wannan jan ƙarfe ne zalla, ki ci ki samu nono." Naman yana firiza ban taɓa ba, kuma Babbar Sallah ta matso, a gidansa ake taruwa, za a sa ni in durƙusa in gaishe shi, in miƙa masa 'yata ya ɗauka.

To in tura ne, ko in fara kai wa Anti hotunan, ko in goge in zauna lafiya da mijina? Mai cewa in bar shi da Allah, na ji, amma ya gaya mini yadda ake yi. Yau da safe na kira sunan 'yata sau biyu ba ta waiwayo ba, sai a na uku. Na san yara suna haka. Amma kafin ta waiwayo, wallahi yatsana yana kan wayar, daidai wurin tura email ɗin.