Ragar Da Na Ba Da Aro

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saratu, wadda ta riga mu shiga hutu.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, cikin sunan Yesu Almasihu. Ba zan tambayi lafiyarki ba, don inda kike babu ciwon gwiwar nan da ya raba ki da gona. Ni ne dai nake da labari, kuma ba mai daɗin ji ba.

Ina rubuto miki daga bakin tukubata a unguwar Briqueterie, nan Yaoundé. Azahar ta wuce ban hura wuta ba. Yau bayan la'asar Sarkin Fawa da dattawan mahauta za su zauna a kaina, su yanke ko in ci gaba da gasa nama a layin nan, ko in kwashe komatsaina in ba su wuri.

Ga yadda abin ya faru. Cocinmu da ke wajen unguwar Madagascar, nan cikin gari, ya yi bikin godiyar kaka. Wani dattijon coci, Papa Mbarga, ya zo ya ce in ara musu babbar ragar da nake gashi a kai. Na ba shi, ban tambayi abin da za a gasa ba. Washegari suka dawo da ita a wanke tas, har da ayaba a leda ta godiya. Na ɗora ta a wuta, na ci gaba da sana'ata.

Ashe alade suka gasa a kai, Inna.

Ban sani ba sai da hoton bikin ya zaga wayoyin unguwa. Hamisu, mai tukubar da ke kusa da tawa, shi ya gane ta, don akwai wani lanƙwasasshen hannu da makeri ya yi mata wanda babu irinsa a layin. Kafin magariba duk wanda ya ci tsirena a makon nan ya ji. Wasu sun tofar da yawu a gabana. Wata Hajiya da take aiko a saya wa mijinta balangu kullum ta dawo da na ranar a takardarsa, ko buɗewa ba a yi ba.

Na ji haushin Hamisu, don ya daɗe yana hangen wurin nan nawa. Amma bai yi ƙarya ba. Ragar tawa ce.

Kin tuna kowace Kirsimeti a ƙauyenmu, ba kya yarda Baba ya sa wa akuya wuƙa? Sai kin aika an kira Malam Iro ya yanka, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Kina cewa, "Abincin da maƙwabci ba zai ci ba, ƙoshinsa rabi ne." A kan wannan na gina sana'ata. Tun da na zo garin nan ban taɓa yanka ko kaza da hannuna don sayarwa ba. Daga mayanka nake ɗauko nama, yankan Musulmi, kowa ya shaida. Na yi shekara da shekaru ina tsare wannan amana, aron kwana ɗaya ya rushe ta.

Na je wurin Papa Mbarga. Ya buɗe hannu yana mamaki, wai "Mais mon frère, haba ɗan'uwana, ai mun wanke da sabulu." Mutumin kirki ne, bai san me ya yi ba, har yanzu ma bai gane ba. Fasto kuma ya ce tsanani ne saboda sunan Yesu, in zo ranar Lahadi in ba da shaida. Na ce masa wannan ba tsanani ba ne, alade ne. An sa mutane cin abin da addininsu ya hana, dole su yi fushi. Bai ji daɗin amsar ba.

Haka nake a garin nan. A coci ni ne "le Haoussa", wato Bahaushe, har yau akwai masu tambayata yaushe na bar Musulunci. A unguwa ni ne Ishaya Kirista. Ko'ina na zauna, a gefen tabarma nake.

Rahila, surukarki da ba ki rayu kin gani ba, ta kwana biyu tana roƙona. Ta ce in faɗa wa dattawa tsohuwar raga ce da na daina aiki da ita, ban sake ɗora ta a wuta ba. Wa zai ƙaryata? Ba muguwa ba ce, Inna. Yara take kallo, da makarantarsu, da shekaruna. Ina zan je in fara sabuwar tukuba da furfura? Wani kuma ya raɗa mini cewa in na karɓi kalmar shahada, magana ta mutu nan take.

Da Alhaji Garba ya ji wannan, ya yi wa mutumin tatas. Alhaji Garba shi ne ya ba ni ɗaki lokacin da na sauka garin nan ba ni da kowa, shi ya tsaya mini har na sami wurin nan, kuma bai taɓa ce mini in bar addinina ba. Shi ma ya ci naman ragar nan. Da hannuna na zaɓa masa mai taushi, saboda haƙoransa. Yau yana cikin masu zaman. In Sarkin Fawa ya tambaye ni ko na gasa nama a kanta bayan bikin, idon Alhaji ne zai kasance a kaina.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi wa Ubangiji ƙorafi. Na ce masa don hidimar gidansa na ba da ragar, ba gidan giya na kai ta ba. In haka yake saka wa masu yi masa hidima, to a ina ribar take? Na yi ta shirya maganganun da zan kare kaina, in ƙulla wannan in kwance wancan, har abinci ya daina shiga.

Sai na tuna shekarar da aka ƙwace gonar fadama daga hannun Baba. Kin dawo daga gaban mai unguwa, kika ɗora tukunya kamar ba abin da ya faru. Na tambaye ki ko ba ki damu ba. Kika ce, "Kayan da ya fi ƙarfin wuyanka, sauke shi gaban Ubangiji. In ka sauke kuma, kada ka tsaya kana gadinsa." Gonar ba ta dawo ba. Amma ba mu kwana da yunwa ba, ke kuma ba ki mutu da ƙullin kowa a zuci ba.

To Inna, na gaji da gadi. In sun tambaya zan ce e, na gasa, ban sani ba, ku yafe mini. Ba zan ja sunan Papa Mbarga cikin maganar ba, ba zan taɓa Hamisu ba. Abin da ya biyo baya ba nawa ba ne. Na sauke kayan.

Ya Ubangiji Yesu, ga tukubata, ga Rahila da yara, ga bakina. Ka tsare shi daga ƙarya. Ka sanyaya zuciyar waɗanda suka ci abin da ba su so ta hannuna. In ka bar ni a layin nan, na gode. In ka tashe ni, ka riga ni zuwa inda za ni. Amin.

Ga ladan ya fara kiran la'asar. Bari in wanke fuska in sa riga mai kyau, kada su jira ni.

Ki huta lafiya, Innata.

Ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba,
Ishaya