Murhun da kowa ya yaba

Zuwa ga Yaya Hawa, a Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna da yara. Mu nan Arlit lafiya lau, sai zafi da tsadar ice. 'Yarmu Sa'a ta fara tafiya, ba abin da ya tsira daga hannunta.

Yaya, kin san tun da kamfani ya rage ma'aikata baban Sa'a yake zaune, har na ce ki share mana ɗaki za mu dawo gida. Abin da ya hana ni barci shi ne hanya, don yanzu mota ba ta fita sai da rakiyar soja. Ana haka wata ƙungiya ta ba shi aikin ƙera murhun ƙarfe mai cin kwal ɗin da ake haƙowa a Anu Araren, tunda fari ya cinye itatuwa. Aka ce idan mata sun karɓa, aikin ya zama nasa. Ya ƙera ashirin, dogaye, masu kyan gani, aka raba. Ya bi gida gida yana tambaya, kowace ta ce murhu ya yi kyau, Allah Ya saka. To wa zai kushe kyauta a gaban mai ita? Ni kaina haka na ce masa, alhali a bayan ɗaki nake tuƙa tuwona a kan duwatsu uku.

Dassin ce ta tona mana asiri, maƙwabciyata, Buzuwa daga Gugaram da dabbobinta suka ƙare. Ya leƙa gidanta ba sanarwa, ya tarar da kaza tana kwanci a cikin murhunsa. Ta ce masa ita ba ta iya ɓoye magana ba, wannan murhu na mutumin da bai taɓa tuƙa tuwo ba ne. Ya dawo fuska a murtuke, na ga ba mafita, na nuna masa nawa duwatsun. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinsa.

Saura kwana biyu shugaban aikin, Malam Attaher, ya zo jin sakamako. Abokan baban Sa'a suka ce ya faɗa wa shugaban yabon da mata suka yi, ai ba ƙarya ya yi ba. Ya ƙi. Ya gaya wa mutumin cewa ba a girki da murhun, kuma shi bai san yadda ya kamata a ƙera shi ba. Na ce shi ke nan, mu ɗaure kaya. Ashe Malam Attaher ya ce garuruwa uku ya zaga, kowa na ce masa komai daidai ne, sai yau ya ji maganar da zai iya aiki da ita. Ya ƙara masa wata uku, da sharaɗin ya daina tambaya, ya zauna ya kalla.

Da kin ga mijina a kan 'yar kujera a madafar mutane, da kin yi dariya. A nan ya ga mace tana zama ƙasa ta danne tukunya da ƙafa kafin ta juya muciya, dogon murhu kuwa kifewa yake. Ya ga su Dassin suna son zaro garwashi kaɗan na shayi, shi kuma ya rufe wutar ruf. Yanzu yana kan gwaji na huɗu, gajere, mai wurin taka ƙafa. Ko zai karɓu, ya ce bai sani ba tukuna, kuma ya daina jin nauyin faɗin haka. Jiya na tuƙa tuwo a kai, na ce masa har yanzu yana rawa. Ya yi mini godiya, ya ɗauke shi da ɗuminsa ya koma wurin aiki.

Don haka ɗakin nan, ki mayar da buhunanki ciki, bana muna nan. Ki gaida Inna, da Kawu Fatahu, da 'Yargata.

Ƙanwarki,
Zainabu