Kwanonki Ya Dawo Wayam

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mana, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in kawo miki ƙarar gidanki, har da ni a ciki.

Kin tuna kwanon nan naki mai murfi, wanda kika ɗiga wa jan fenti a gindi don kada ya ɓace a gidan biki? Shekara da shekaru yana zirga-zirga tsakanin Ƙofar Ran da Yelwa. Ran Sallah ya tafi gidan Mama Rifkatu, maƙwabciyar rumfarki a kasuwar Wunti, cike da masa. Can yake zama sai Kirsimeti ya dawo da shinkafa da kaza. Kazar ma ba ta barin mijinta ya yanka, sai ta ɗauko ta a keke har wurin mahaucin unguwarmu, don kawai mu ci hankali kwance. Kullum kina ja mana kunne: "Kada in ga kun mayar wa mutum kwano wayam, rashin tarbiyya ne."

Bana kin aika mata na Babbar Sallah, ba ki kai Kirsimeti ba.

Ranar sadakar arba'in ɗinki Mama Rifkatu ta iso da sassafe, da tandarta da bokitin ƙullun da ta haɗa tun jiya, za ta soya miki masar sadaka. Sai Yaya Bala ya ce wanda ba ya salla ba zai sa hannu a abincin sadaka ba. Yaya Bala fa, Inna! Shi da ya girma da cinyar kazar matar nan, yana birgima a ƙasa in aka ba ni ita. Kuma duk tsoron Allahn nasa bai kai ya fita ya faɗa mata da bakinsa ba. Ni ya aika.

Na kuwa je. Wannan shi ke cin raina har yau.

Ta goge hannu a zaninta, ta rufe bokitin, ta sake yi mini ta'aziyya, ta tafi. Aka sayo wata masar a bakin titi, jama'a suka cinye, ba wanda ya tambayi hannun wa ya soya. Daga baya na tambayi limamin unguwa, ya ce shi bai san inda aka hana ba. Amsar ta zo bayan na riga na kore ta.

Makon jiya aka yi Kirsimeti. Ta zo da kanta, ta tsaya a zaure, matar da a da har kan gadonki take zama. Ta miƙo mini kwanon a leda, a wanke tas. Na ji shi sakayau tun kafin in buɗe. Abin da ta ce kawai: "Na ji tsoron zuba abin da zai ɓata muku addini, 'yata."

Ba ta yi rashin tarbiyya ba, Inna. Mu muka yi. Kewarki nake yi, ina kuma jin kunyarki.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya karɓi duk lomar da kika ciyar, Ya yafe mini aiken da na je. In Ya kai mu Sallah, da kaina zan cika kwanon in kai Yelwa. Ki taya ni fata ta buɗe mini ƙofa.

'Yarki,
Asabe