Na Tuge Ɗoɗɗoyar Surukata, Na Ce Akuya Ce

Gwaggo Indo, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni sakat.

Ni 'yar Birni ce. Maigidana yana fataucin fata da gashin jimina zuwa garin Gat can cikin Sahara, ba ya dawowa sai da kanumfari da turaren Larabawa. Shekarar da aka gama ganuwa mahaifiyarsa ta zo daga Guna ta zauna da mu. Ba ta yi kwana uku ba ta shuka ɗoɗɗoya a gindin randata, kowace miya sai ta tsinko ta jefa. Ni kuwa girman kai ya ɗebe ni, ina ganin ƙanshin ƙauye ne, baƙinmu za su raina mu. Ran da ta tafi suna na tuge ta kaf, na share wurin, na ce akuya ce. Ta dubi wurin, ta dubi akuyar. Bayan Sallah ta koma Guna.

Da damina ta faɗi ciwon ciki ya kama 'yata Lubabatu, kwana huɗu tana murɗe-murɗe. Na jiƙa duk maganin da ke cikin tandun maigida, a banza. Sai maƙwabciyata Jummai ta tafasa wani ganye ta ba ta, kafin la'asar yarinya ta nemi tuwo. Ɗoɗɗoya ce, Gwaggo. Kuma surukata Iya ce ta ba wa Jummai irin, ta ce ta ajiye saboda jikarta, wai cikinta ba shi da ƙwari.

Yanzu maigida na shirin aikawa a ɗauko ta, ni ko idonta ba na iya tunawa ban ji kamar in nutse ba. Yaya zan yi?

Mai Jin Kunya, Birni

*

'Yata, akuya ba ta tuge saiwa ta bi da tsintsiya. Tun ranar Iya ta sani, ta rufa miki asiri, ki fara gode wa wannan.

Ba ke kaɗai ke da laifi ba. Madafarki ce, da ta tambaye ki kafin ta shuka. Amma nata rashin tambaya ne, naki ƙarya.

Ɗoɗɗoya kuwa ba a raina ta. Tun iyayenmu ana tafasa ganyenta don kumburi da murɗar ciki, ana turara ta don sauro. Sai dai in kin ga jini a bayan gidan yarinya ko zazzaɓi ya ƙi sauka, kada ki tsaya nan, ki nemi masu magani.

Na san kunyar suruka ba za ta bar ki ki yi dogon bayani ba, kuma ba a bukatarsa. Ki faɗa wa mijinki gaskiya tukuna. Kada ki bari a aika, ki bi 'yan kasuwar Guna da ƙafarki, ke da Lubabatu. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce kin zo roƙon irin ɗoɗɗoya. Za ta gane sauran.

In ta dawo, ki bar ta ta zaɓi inda za a shuka, ko da gindin randar ne. Ban ruwa kuma naki ne, safe da yamma. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Gwaggo Indo