Wani Ya Yi Wa Ɗana Aski

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Ni mai aski ne, ina da ɗan shagona. Aurena ya mutu a kotu. Ita ta kai ƙara, wai zargina ya ishe ta, ina bincika mata waya, ina ƙin gaisawa da maƙwabta saboda ita. Alƙali ya yi ta ƙoƙarin sulhu, ta kafe, aka raba. Ya ba ta riƙon ɗanmu, ni kuma a kawo min shi duk Asabar.

Yaron nan tun yana jariri babu hannun da ya taɓa kansa sai nawa. In ya zo, nakan ɗora masa matashi a kujera don ya kai madubi, in yi masa aski yana zuba min surutu. Wallahi duk mako wannan ranar nake jira.

To bara ta yi aure, wani mai sayar da kayan gini. Na haɗiye. Sai rannan yaro ya shigo min shago da sabon aski. Aski kuwa na ganin dama, Anti, ƙeya a karkace, bayan kunne kamar ɓera ya gaigaya. Na tambaye shi, ya washe baki ya ce Abba ne ya sayo kilifa ya yi masa. Abba! Wato mijin uwarsa. Ni Baba yake ce min, yanzu an samu Abba. Ban san lokacin da na zaunar da shi na aske kan tas ba. Bai yi kuka ba, amma ya koma gefe ya zauna har aka zo ɗaukarsa. Asabar biyu ke nan ana cewa ba ya son zuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi ke cin raina. Mutumin nan ya ɗauki matata, yanzu har kan ɗana? Abokaina sun ce tunda ta yi aure riƙonta ya faɗi, in koma kotu kawai in karɓe abina. Ko in je?

Uban da Aka Yi Wa Kutse

Ɗan'uwana, na ji zafinka, kuma ba zan ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Da mahaifiyarsa ta yi tunani, da ta san askin nan naka ne, ta bar maka.

Amma abokanka rabin magana suka faɗa maka. A wasu dokokin, sake auren uwa yana taɓa riƙo, sai dai ba lallai yaro ya dawo hannun uba ba, yana iya komawa wajen kakarsa ta wajen uwa. Ka tambayi lauya yadda abin yake a inda kake. Kuma alƙali maslahar yaro zai duba: yana cin abinci, yana zuwa makaranta, ana dukansa, ana hana ka ganinsa? Duk wasiƙarka ban ga ko ɗaya ba. Abin da na gani, mutum ya sayi kilifa ya zauna da ɗanka. Karkatacciyar ƙeya ba hujja ba ce. In kuwa aka tambayi yaron dalilin da ya daina zuwa, kai ka san amsar.

Ga shawarata. Ka tura wani dattijo da mahaifiyar yaron take ganin girmansa, ya roƙa maka a bar maka askin, cikin lalama. In Asabar ta yi maka kaɗan, ka nemi ƙarin kwanaki, wannan buƙata ce da kotu ke saurara. Sannan ka ba yaron haƙuri da bakinka, don shi bai yi laifin komai ba, murna ya zo nuna maka.

Kishin nan ya riga ya raba ka da uwar, kada ka bari ya ƙara da ɗan. Ran da ya dawo, ko da wane irin aski ya zo, ka ajiye kilifa. Ka kalli fuskarsa, ba ƙeyarsa ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya raya maka shi.